Muryar Mamaci Amana Ce: Tsokaci Kan Waƙoƙin Narambaɗa da Ke Cikin Wayoyinmu



Duk wanda ya san Utako ya san akwai muryoyin da ba sa yankewa a cikinta. Daga tashar mota zuwa bakin kasuwa, daga teburin mai shayi zuwa shagon masu cajin waya, da wuya rana ta fito ta faɗi ba ka ji kiɗan kotso na tashi daga wata 'yar lasifika ba, ga muryar wani dattijo tana bin sa da Hausar ƙasar Gobir da Zamfara. Mai wannan murya, Ibrahim Narambaɗa, ya bar duniya tun farkon shekarun 1960, fiye da shekara 60 ke nan. Lokacin da ya rasu babu wannan Abujar da muke ciki. Sai a 1976 aka yi dokar kafa ta, sai kuma a watan Disamba na 1991 gwamnati ta taso daga Legas. A zamaninsa nan wurin ƙauyukan Gbagyi ne da gonakinsu. Amma ga shi yau yana waƙa a gefen titin Obafemi Awolowo, a gaban mutanen da akasarinsu ba a ma haife su ba ranar da aka kai shi makwancinsa.

Mun saba da abin har ya daina ba mu mamaki. To amma akwai tambaya a ciki, wadda kakanninmu ba su taɓa fuskanta ba: mutum ya mutu, muryarsa ba ta mutu ba. Tana yabo, tana zambo, tana sa dariya, tana sa hawaye, wani ma yana cin abinci da ita. Nauyin wannan murya a wuyan wa yake? Na mai ita da ke kabari, ko namu da muke kunna ta?

Mun san da an ambaci kiɗa da waƙa wani zai ce a fara da hukuncinsu tukuna. Wannan magana ce da malamai suka daɗe suna saɓani a kanta. Da yawa sun tsananta game da kayan kiɗa. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya rarrabe, ya duba abin da ake faɗi da halin mai sauraro da inda ake yin abin. Ibnu Hazmi na Andalus ya sassauta. Malaman jihadi na ƙasarmu sun yi suka ga kiɗan shagala da cuɗanyar maza da mata, su kuma da kansu sun yi wa'azi da waƙe cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, kamar yadda Nana Asma'u ta yi. Ba mu ne za mu rufe wannan babi a shafin mujalla ba, kowa ya riƙe malamin da ya aminta da shi. Abin da muke cewa shi ne, ko da mutum ya ɗauki ra'ayi mafi tsanani, waƙoƙin nan suna cikin wayar ɗansa da ta yaron shagonsa, kuma tambayar da muka yi tana nan ba ta gusa ba.

Wane ne mai muryar?

Saboda yaranmu da aka haifa a nan, ya kamata mu ɗan faɗi ko shi wane ne. Narambaɗa mutumin Tubali ne, a yankin Shinkafi ta jihar Zamfara a yau, ba nisa da Isa ta jihar Sakkwato. Ya taso yana kokawa kamar mahaifinsa, kiɗan kotso kuwa ta wajen mahaifiyarsa ya samo shi. Ya fara da waƙoƙin noma, daga baya ya zama makaɗin fada, ubangidansa shi ne Sarkin Gobir na Isa Amadu. Ya yi wa sarakuna da alƙalai da masu sarauta waƙa, har doki ya yi wa, wato Dokin Iska Ɗan Filinge. Waƙarsa da ya kira Bakandamiya ta yi ficen da sunanta ya zama kalma a bakin Hausawa: duk wanda ya yi aikin da ya fi sauran ayyukansa, sai a ce ya yi bakandamiyarsa. Malaman jami'a sun yi masa hidima. Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya kawo tarihinsa tare da na sauran makaɗa a littafin Makaɗa da Mawaƙan Hausa.

Abin lura shi ne, a ƙarshen rayuwarsa aka ɗauki muryarsa. Wanda muke ji dattijo ne. Waƙoƙin da ya yi a gonaki da filin kokawa yana saurayi, da dubban fitowar da ya yi a ƙofar fada, mafi yawansu iska ta tafi da su. Ɗan abin da na'ura ta kama shi ne ya zama Narambaɗa a wurinmu. Ba shi ya zaɓi abin da za a tuna shi da shi ba.

Abin da na'ura ta canza

Kafin na'ura, waƙa tana rayuwa ne a wurin da aka yi ta. Makaɗi ya san wanda yake gabansa. Ya san wanda ya yi masa kyautar doki, ya san wanda ya hana. Yau zai sa ɗa a waƙa, gobe ya cire shi. Idan ya yi wa wani ɗan sarki zambo, bayan sallah sai a ji sun shirya, ɗan sarkin ya aiko da riga, zambon ya koma yabo. Idan ya tsufa ya ga wata waƙa ba ta dace da furfurarsa ba, sai ya daina yin ta, 'yan amshi su manta, ta bi ruwa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, ba ta komawa, gaskiya ne. Amma a da ko ba ta koma ba tana ruɓewa, tana mutuwa tare da waɗanda suka ji ta. Mantuwa wata rahama ce da Allah ya yi wa 'yan Adam.

A 1877 wani Ba'amurke, Thomas Edison, ya ƙera na'urar da ke kama murya ta maimaita. Bayan shekara 10 Emile Berliner ya fito da garmaho mai faifai. Sannu a hankali abin ya iso ƙasarmu, gidajen rediyo suka shiga ɗaukar makaɗa, rediyon Kaduna ya riƙa watsa su har lungunan da mai waƙar bai san da su ba. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, wanda manyanmu suka san yadda ya cika kasuwanni da motocin haya. Daga nan sai faifan CD, sai memori, sai ga shi yau abin yana yawo ta WhatsApp da YouTube da TikTok. Kowane mataki ya ƙara wa muryar nisan zango, ya kuma ƙara raba ta da mai ita.

Nan ne damuwar take. Na'ura ta hana magana ruɓewa. Zambon da aka yi cikin fushin rana ɗaya yana nan da zafinsa bayan shekara 70. Mai waƙar ba shi da damar ya janye, ko ya gyara, ko ya ce jama'a ai mun shirya da wane. Mai rai yana iya tuba daga maganarsa ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa. Mamaci an rufe littafinsa, amma an bar bakinsa a buɗe a hannun wasu.

Na wa ne nauyin?

A Islamiyya an karantar da mu cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwa, ban da sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. An kuma karantar da mu cewa wanda ya assasa alheri yana da rabo a ladan masu bin sa, wanda ya assasa sharri ma yana da kaso a zunubinsu. A Suratu Yasin an nuna mana cewa har sawun da mutum ya bari a bayansa ana rubutawa. A kan waɗannan ne idan zancen ya taso a majalisa za ka ji mutane sun rabu biyu. Wasu su ce, to ai shi ke nan, duk wanda ya kunna waƙar ya shagala, ana ƙara wa mai ita kaya a kabarinsa. Wasu kuma su ce, haba, mutum ya mutu ya huta, waƙa ta zama ta kowa kamar karin magana, ba mai nauyi a kai.

A ganinmu duka biyun sun kauce wa inda gizo ke saƙa. Masu maganar farko sun ɗauki alƙalancin da ba nasu ba. Hisabin Narambaɗa yana wurin Ubangijin da ya san niyyarsa da zamaninsa da yadda ya cika, kuma an hane mu da zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Mutumin da ya tsaya a ƙofar fadar Isa yana wasa ubangidansa, bai yi niyyar wata mota mai zuwa Kano ta tashi daga Utako da muryarsa ba. Masu magana ta biyu kuwa sun nemi hanyar sauke kaya ne kawai. Karin magana ba a san mai ita ba. Waƙar nan an san mai ita, an san garinsa, an san wanda aka yi wa, kuma duka ɓangarorin suna da jikoki a raye.

Abin da muka tabbata da shi guda ne: memori ba ya kunna kansa. Akwai yatsan da ya danna, akwai mai yatsan, yana da rai, yana da zaɓi, kuma shi ne littafinsa yake buɗe. Shi ya zaɓi waƙar, ya zaɓi wurin, ya zaɓi gaban wanda zai kunna ta. Tun da mamaci ba ya iya kare maganarsa, ta zama ajiya a hannun mai rai. Mu 'yan kasuwa mun san hukuncin ajiya. Idan ɗan uwa zai yi tafiya ya bar maka buhunansa a shago, ba ka da ikon ka sayar ka ci kuɗin, ba ka da ikon ka gauraya su da ƙasa, ba ka da ikon ka bar su ruwa ya doke su. Mai ajiyar nan ya yi tafiyar da ba a dawowa, wannan kuwa ƙara nauyin ya yi, bai rage ba.

Wanda aka yi wa zambo

Hakkin farko da ke cikin wannan ajiya na waɗanda aka taɓa ne. Waƙar fada ba ta cika sai da zambo. Makaɗi yana ɗaga ubangidansa ne ta hanyar ƙasƙantar da masu ja da shi, galibi 'yan uwansa 'yan sarki masu hangen gadon sarauta. Yawanci ba a kiran suna, sai dai a siffanta mutum da tafiyarsa ko rowarsa ko a kamanta shi da wata dabba. A wancan lokaci mutanen gari sun san da wa ake. Yau mafi yawanmu ba mu sani ba, kuma rashin sanin nan sutura ce. Mai saurare yana jin daɗin iya sarrafa harshe, ba ya cin naman kowa.

Inda ɓarnar take shi ne a yaye wannan sutura. Za ka ga wani ya san tarihi, sai ya mayar da shi makami. Suna zaune da ɗan wani gida, sai ya kunna waƙar, ya ce ka ji kakanka ake faɗi. A yi dariya, wai wasa ne. Shi wanda aka yi wa ya yi murmushin yaƙe ya tashi, abin yana cinsa. Wannan ba Narambaɗa ne ya yi zambon ba, mai wayar ne ya yi sabo, ya ari bakin mamaci ya ci masa albasa. Suratul Hujurati ta hana mu izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ba ta keɓe wanda ya yi da harshensa daga wanda ya yi da lasifika ba.

Wani zai ce, to a goge wuraren zambon mana a huta. Ba mu goyi bayan haka ba. Wanda aka ba ajiya ba ya yanke ɓangaren da bai yi masa ba. Zambon nan tarihi ne, yana nuna yadda fada take, yadda ake neman sarauta, da abin da mutanen da suke ƙyama, kamar rowa da ragwanci da cin amana. A adana shi yadda yake, a karanta shi yadda ake karanta tarihi. Takobin kaka ana rataye shi a ɗaki a nuna wa yara, ba a zare wa maƙwabci.

Kura da shan bugu

Hakki na biyu ya shafe mu kai tsaye, domin maganar kuɗi ce. A kasuwanninmu da tashoshinmu akwai masu sana'ar tura waƙa. Ka miƙa memori da 'yan kuɗi kaɗan, a cika maka shi da Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗandawo da Ɗanƙwairo da Shata da Ɗan Maraya. A intanet akwai masu ɗora waƙoƙin nan, talla tana shiga, kuɗi yana fitowa. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, a cikin abin da muka biya ko muka karɓa, ko sisin kwabo ya taɓa kama hanyar Tubali? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai hujjoji biyu da ake kawowa, kuma ba na banza ba ne. Ta farko, an ce ai an biya makaɗan nan tun suna raye, an ba su dawaki da riguna da shanu da hatsi. Gaskiya ne an ba su. Amma sarki ya biya kuɗin yabon da aka yi masa ne a ranar, bai saya wa mai shago a Abuja izinin ciniki da muryar ba. Ta biyu, an ce ba don masu kwafar kaset da masu turi ba, da waƙoƙin sun ɓace a rumbun gidan rediyo. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma mai gadin kaya ya cancanci ladan gadinsa. Sai dai gadi ba ya mayar da mutum mai kaya.

Wanda ya karanta Risala ya san akwai babin da ya tattaro hukuncin aro da jingina da ajiya da tsintuwa da ƙwace. Ko tsintuwa ce, an ce a yi cigiya shekara guda. To wannan ma ba tsintuwa ba ce, tun da an san mai ita. Kada kuma wani ya ce hakkin mallakar fasaha al'adar Turawa ce. A 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait, ta zartar cewa irin waɗannan hakkoki dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Dokar hakkin mallaka ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar wanda ya tsara ta, ɗaukar murya kuma shekara 50 daga fitar da ita. Da wannan lissafi, ko Narambaɗa ma wa'adin waƙoƙinsa bai cika ba sai an shiga shekarun 2030, balle Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, ko Shata a 1999, ko Ɗan Maraya a 2015. Hedikwatar hukumar da ke kula da wannan doka a nan Abuja take.

Ba muna cewa a kori yaron da ke tura waƙa a bakin tasha ba ne, shi ma abincinsa yake nema, kuma wanda ya ƙi tsananta wa kansa bai kamata ya fara da mafi rauni ba. Abin da muke cewa, wanda yake cin riba da muryar wani ya san akwai bashi a kansa, ya nemi hanyar rage shi. Magada ba ɓoyayyu ba ne. A unguwar nan akwai mutanen Isa da Shinkafi da Maradun da Musawa, duk wanda ya yi niyya zai sami mai kai saƙo.

Gaurayen kaya

Hakki na uku shi ne kada a sa wa mamaci maganar da bai yi ba. Lokacin siyasa za ka ga an yanko ɗan waƙa daga yabon da aka yi wa wani sarki, an liƙa a hoton ɗan takara. A yanko zambo a liƙa wa abokin hamayyarsa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka da su ake. Yanzu ma abin ya wuce yanka, domin da ƙirƙirarriyar basira ana iya kwaikwayon muryar mutum a sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗi ba. A kasuwa idan mutum ya zuba tsakuwa a buhun wake ya ɗinke da sunan wani, algus muke kiran abin. Wannan ma algus ne, kuma ya fi muni, tun da mai sunan ba zai iya zuwa ya ƙaryata ba.

Akwai kuma wata hanyar tozarta ajiya, wato a bar ta ta lalace. Yaranmu da suka tashi tsakanin Utako da Jabi da Wuse suna jin Hausa, amma ta kasuwa ce, mai haɗe da Turanci da Burokin. Ka kunna musu Narambaɗa, kiɗan suke ji, rabin kalmomin sun shige su. Sunayen kayan doki, da sarautun fada, da kayan noma, da kirarin garuruwa, da Hausar yamma mai nata lafazin, duk suna nan a cikin faifan. Idan akwai ilimi mai amfani a cikin abin da dattijon nan ya bari, to a nan yake. Mu kuma muna da dalili na musamman. Yankin Isa da Sabon Birni da Shinkafi da Zurmi na cikin wuraren da 'yan bindiga suka addaba. Akwai 'yan uwanmu a nan da zuwa gida ya zame musu abin fargaba, wasu ƙauyukansu ma an tashi. Ga irin waɗannan, muryar nan wani yanki ne na gida da ya rage a aljihu. Uba ya zauna da ɗansa ya fassara masa, ya ce ka ji sunan garin kakanka, ka ji yadda ake kiran abu kaza a wurinmu, wannan ya sauke wani abu daga cikin amanar.

Mu ma an ɗauke mu

Kada mu ɗauka maganar makaɗa ce kaɗai. A zamanin Narambaɗa sai wanda ya shahara ake kai wa na'ura. Yau kowannenmu yana ɗauke da ita a aljihu, kuma kullum muna cika ta. Saƙon murya a zauren WhatsApp na masallaci, na ƙungiyar 'yan kasuwa, na 'yan gari. Mutum ya yi fushi kan bashi ko kan rumfa, ya danna ya zazzaga na minti biyar, ya kira sunan uwa da uba. Bayan kwana biyu dattawa su sasanta, a yi musabaha. Amma saƙon ya riga ya shiga wayoyin da ba a san adadinsu ba. Wata rana mai maganar zai mutu, saƙon yana nan, ɗansa zai iya cin karo da shi. Mu da muke zaune cikin Gbagyi da Ibo da Yarabawa da Tibi da sauran jama'a, mun san yadda magana ɗaya da aka yanko daga muhallinta za ta iya jawo wa unguwa gaba ɗaya fitina.

Tun kafin Edison an gaya mana a Suratu Ƙaf cewa babu kalmar da mutum zai furta face akwai mai tsaro da ke rubutawa. Mun ji, mun haddace, amma abin bai cika shiga jikinmu ba. Sai ga shi an ba mu misalinsa a tafin hannu. Idan ƙaramin memori da bai kai farce ba zai riƙe muryar mutum shekara da shekaru ba ƙari ba ragi, ina ga littafin da ba ya mantuwa?

Saboda haka ga abin da muke ba kanmu shawara da shi, mu da ku. Wanda zai saurari mazan jiya, ya saurare su a matsayin mutane masu hakki, ya yi musu addu'ar gafara, kada ya shagala da su har sallah ta wuce shi. Kada a kunna zambo don a muzanta wani mai rai. Kada a yanka, kada a liƙa, kada a tura abin da aka yanka aka liƙa. Masu cin abinci da waƙoƙin nan su ware wani abu, ko yaya yake, ƙungiyarsu ta tara ta nemi magada ta hannun amintattu, ko a yi wa mamatan sadaka da shi idan kaiwar ta gagara. Dattawan da suka san Hausar waƙoƙin su zauna da matasa su fassara, masu iya rubutu su rubuta, mujallar nan ma tana iya ba su fili. Saƙon muryar da aka yi cikin fushi kuwa, idan ya zo hannunka, ya tsaya a kanka. Idan an shirya, a goge.

Yadda muka riƙe muryar waɗanda suka riga mu, haka na bayanmu za su koyi riƙe tamu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yafe musu kurakuransu, ya kawo zaman lafiya a garuruwanmu, ya tsare mana harsunanmu da yatsunmu. Amin.

Wassalamu alaikum.